Tuwon gida da ɗan ƙaramin kare: me za a zuba masa, me za a hana shi?

Wasiƙu huɗu ne suka taru a wannan makon, dukansu a kan cikin kare. Hukuncin ajiye kare a gida ba fagena ba ne, na malamai ne. Abin da na sani shi ne duk wanda ya ajiye dabba, cinta da shanta sun hau wuyansa.

Daga wata uwargida a unguwar Yelwa, Garwa: "Maƙwabciyarmu da aka mayar Yawunde wurin aiki ta bar mana ɗan kare irin ƙananan nan masu gashi buzu-buzu, nauyinsa kilo 4. Yara sun shaƙu da shi, ga shi da haushi in an taɓa ƙofa. Abin da muka ci shi muke zuba masa, tuwo da miya. Maigida ya ce karnukan ƙauyensu haka suke ci kuma ƙalau suke. Ni kuwa na ga ya fara kasala. Ko dole ne sai na riƙa sayen abincin buhu?"

Hajiya, maigida bai yi ƙarya ba, sai dai ya manta da sikeli. Karen farauta na ƙauye yakan kai kilo 15 ko 20, naki kuwa kilo 4 ne. Lomar da za ta bi cikin wancan ta wuce lami lafiya, in ta shiga cikin wannan tamkar an ninka ta sau huɗu ko biyar ne. Kuma karnukan ƙauyen ma suna mutuwa, ba dai mai bin ba'asi ne. Sai a ce ya ci guba a bola, a ja gawar a yar.

Tuwonki ba shi da laifi. Tuwon dawa, na masara, na shinkafa, duk zai ci. Laifin yana cikin miya, kuma babban mai laifin albasa ce, wadda mu nan Arewacin Kamaru muke nomawa har mu ciyar da Duwala, ba ma kuwa ɗora tukunya babu ita. Akwai wani sinadari a cikinta da ke farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, kuma dahuwa ba ta kashe shi, suya ba ta kashe shi, shanya ma haka. Likitocin dabbobi sun ƙiyasta cewa haɗari na farawa ne in kare ya ci albasar da ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa. Ga naki, giram 20 ke nan, wato bai ma kai kwatan albasa matsakaiciya ba. Tafarnuwa ta fi ta ƙarfi. Mugun halin abin shi ne ba ya nunawa nan take, sai bayan kwana biyu zuwa biyar, kuma kaɗan-kaɗan na kullum yana taruwa. Yau ɗin nan ki ɗaga leɓensa ki duba dasashi. In kin ga ya yi fari fat maimakon ja-ja, ko fitsarinsa ya koma kalar shayi, ko yana haki daga ɗan tafiya, ki kai shi wurin likitan dabbobi kada ki jira gobe.

Bayan albasa sai gishiri da dunƙulen magi da barkono. Abin da ya yi wa harshenmu daidai ya yi wa ɗan jikin nan yawa.

Akwai kuma wanda na tabbata ba ki taɓa ji ba: tsamiya. An daɗe da sanin cewa inabi da zabibi na kashe ƙodar kare ba tare da an gane dalili ba. A 2022 wasu likitocin dabbobi a Amurka suka buga bayanin karnukan da ƙodarsu ta lalace bayan sun ci tsamiya, suka kuma alaƙanta abin da wani sinadari mai tsami da ake samu a inabi da tsamiyar duka. Saboda haka ragowar kunun tsamiya da yara ke bari a kofi, musamman lokacin azumi, ba ta kare ba ce.

Dabarar kuwa ba ta cin kuɗi. Ki cire masa rabonsa kafin ki zuba kayan miya. In kin tafasa nama, ki ɗebi 'yar tsoka da ɗan romo tun ruwan na fari. Ki haɗa da tuwo ko farar shinkafa, ki murmushe masa dafaffiyar kabewa ko dankalin Hausa ko karas. Naman ko kifin da aka cire wa ƙaya ya kai aƙalla sulusin kwanon, don tuwo zalla ƙoshi ne kawai ba gina jiki ba. Ranar da babu nama, dafaffen ƙwai ya wadatar. Hanta 'yar kaɗan, sau ɗaya ko biyu a mako. Ɓawon ƙwan ma kada ki zubar: ki busar da shi, ki daka ya yi laushi kamar gari, ki riƙa barbaɗa ɗan tsunkule a abincin, domin nama da tuwo ba su da isasshen abin da ke ƙarfafa ƙashi. Sau biyu a rana, safe da yamma. Abin da ya rage bayan minti 20 ki kwashe, don kin san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu, ma'auni na haura 40, abinci ba ya jimawa yake lalacewa. Tuwon da ya yi funfuna, ko gyaɗa da masarar da suka ruɓe, guba ce ga hantarsa. Wanda ba za ki iya ɗumamawa yaranki su ci ba, shi ma kada ki ba shi. Ruwa mai tsabta kuwa ya kasance a inuwa dare da rana.

Daga wani mai shago a Domayo, Marwa: "Na samu kwikwiyo ɗan wata biyu. A kanti na ga buhunan abincin kare iri-iri masu tsada, a kasuwa kuma akwai masu aunawa a kwano da sauƙi. Wanne zan saya?"

Malam, ga kwikwiyo kam ina goyon bayan ka saya, ko da na watannin farko ne, domin lokacin da ƙashi ke girma shi ne lokacin da haɗin gida ya fi saurin yin kuskure. Abu uku za ka karanta a jikin buhun, da Faransanci aka fi rubuta su. Ka nemi kalmar "complet", ma'ana abincin ya ƙunshi duk abin da jiki ke buƙata. Mai "complémentaire" ɗan marmari ne kawai, ba a rayuwa a kansa. Ka nemi "chiot", wato na kwikwiyo. Sannan ranar lalacewa. Bayan waɗannan ukun, a jerin kayan haɗi, abin da aka fara ambata shi ya fi yawa a ciki, don haka in ka ga nama ko kaza a sahun farko, ya fi wanda ya fara da hatsi.

Na awon kwano ban yarda da shi ba. Araha ba ta ado. Ba ka ga buhun ba, ba ka san yaushe aka farke shi ba, ga rana ta dake shi har man cikinsa ya yi ɗoyi. Kai ɗan kasuwa ne, ka fi ni sanin abin da zafi ke yi wa kaya. Ƙaramin buhu rufaffe da zai ƙare cikin wata guda ya fi babba mai rangwame da zai yi wata huɗu a buɗe. Ka juye shi a bokiti mai murfi. Kada ka sauya masa abinci dare ɗaya, ka riƙa cuɗa sabon da tsohon har mako guda, in ba haka ba zawo zai biyo baya. Ɗan wata biyu yana ci sau huɗu a rana, ka jiƙa masa da ruwan ɗumi; ƙananan kwiyakwiyai ba sa jure doguwar yunwa, sukarin jininsu na faɗuwa da sauri. Madarar shanu ɗanya takan sa su gudawa, cokalin kindirmo marar sukari ya fi sauƙi a cikinsu. In ya cika wata uku a yi masa allurar rigakafin haukan kare, ofishin ma'aikatar kiwo na yankinku zai nuna maka inda za ka.

Daga wani mai shayi a Kusiri: "Ɗan karen da ke kwana a rumfata ya tauna goron da ya faɗi daga aljihuna. Aka ce in ɗura masa manja ko madara. Haka ne?"

Ɗan'uwa, a'a. Manja da madara ba sa karya guba, kuma garin ɗure sai su bi ta maƙoshi su faɗa huhu. Ruwan gishiri don ya yi amai ya fi su muni, shi kansa yana kisa. Abin da ke hana mu barci a goro shi ne ke cikin ganyen shayinka da kofi, kuma akwai ɗan'uwansa a cakulan, har da wanda ake shafa wa yara a burodi. Jikin kare ba ya jure su kamar namu, tsagin goro guda na iya sa ƙaramin kare rashin natsuwa, haki, bugun zuciya da karkarwa, in ya yi yawa har farfaɗiya. In abin ya sake faruwa, ka garzaya wurin likitan dabbobi cikin awa biyun farko, ka faɗa masa me ya ci, nawa, da ƙarfe nawa. Ka kuma kula da inda kake zubar da ganyen da ka tace. Cingam ɗin da aka rubuta wa "sans sucre", wato marar sukari, shi ma ka ɗauke daga ƙasa, wasu na ɗauke da wani abin zaƙi da ke kayar da kare cikin ƙasa da awa guda. Maganin ciwon jiki na mutane kuwa, ko rabin ƙwaya kada ka ba shi da ka.

Daga wata amarya a Injamena: "Layya ta kusa. Zan iya tara masa ƙasusuwa da kitse?"

Amarya, ki bar ƙashi. Dafaffe ko gasasshe yana tsagewa kamar tsinke ya huda hanji, na kaza da ƙayar giwan ruwa sun fi kowanne. Kitsen rago in ya ci da yawa lokaci guda yana jawo amai da ciwon ciki mai tsanani da kan kai ƙananan karnuka ga halaka. Kilishi da tsire sun sha yaji, ba nasa ba ne. Ki yanka masa tsoka girman ƙwan kaza, ki tafasa da ruwa zalla, ki raba masa biyu. Ki kuma ja kunnen yaran gidan, don ranar Sallah kowa zai jefa masa nasa a ɓoye, su takwas ne ko goma, cikin kuwa guda ɗaya.