Duba gida kafin saye: me doka za ta tsaya maka a kai?

Tambaya: Barista, na samu gidan da ya kwanta mini a rai, har mun daidaita kan kuɗi. Dillali yana matsa mini in ba da kafin alƙalami a makon nan, wai akwai wani mai so. Na ce sai an kawo wanda zai duba ginin, ya ce ɓarnar kuɗi ce tunda sabon fenti aka yi. Me mai dubawar zai gano mini? In ya ga matsala bayan na biya, kuɗina zai dawo?

Amsa: Malam, tambayarka ta biyu ta fi nauyi, da ita zan fara. Dawowar kuɗinka ta dogara ne ga abin da kuka rubuta kafin ka miƙa shi. Idan ka biya ba tare da sharaɗi ba, daga baya ka fasa, a mafi yawan wurare mai gida yana iya riƙe kuɗin, domin kai ne ka janye. Saboda haka a rubuta a yarjejeniya cewa cinikin ya rataya ne a kan sakamakon duba gini, a faɗi kwana nawa aka ba ka, a kuma bayyana cewa in rahoton bai gamsar da kai ba za a mayar maka da kuɗinka cif. Lura da wannan lafazin. Idan aka rubuta "in an samu babbar matsala", to kun buɗe ƙofar gardama kan mece ce babba. Gaggawar dillali kuwa ba abin mamaki ba ce, la'adarsa sai ciniki ya faɗa take fitowa.

A ƙasashen da suka gaji dokar Ingila, asalin ƙa'idar ita ce mai saye ya buɗe idonsa. Aibin da ido zai iya gani, in ka saya a haka, ya zama naka. Amma in ka tambayi mai gida ya yi maka ƙarya, ko ya rufe aibi da gangan, wannan yaudara ce, kana iya neman a warware cinikin ko a biya ka diyya. Faransa ta fi sassauta wa mai saye: sashe na 1641 na dokar farar hularta ya ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibi, kuma mai saye yana da shekara 2 daga ranar da ya gano shi ya kai ƙara. Fiƙihun Musulunci ma ya ba mai saye zaɓin mayar da kaya saboda aibin da bai sani ba lokacin ciniki. Sai dai duk inda kake, tabbatar wa alƙali cewa mai gida ya san da matsalar ya yi shiru aiki ne ja. Shi ya sa nake cewa ka aika masa tambayoyinka a rubuce, ya amsa a rubuce: rufin yana yoyo? Ruwa ya taɓa shiga gidan? An taɓa gyara tushen ginin?

Shi mai dubawa da ido da 'yan na'urori yake aiki, na wasu sa'o'i. Ba zai fasa bango ba, ba zai tona ƙasa ba. Zai leƙa rufi da silin, ya gwada wayarin wuta da famfuna, ya bi magudanar ruwa, ya ƙwanƙwasa katako ya ji ko gara ta cinye cikinsa. Tsagar bango ce ya kamata ka tsaya a kanta tare da shi. Siririya kamar gashi yawanci ta filasta ce kawai. Wadda ta tashi daga kusurwar taga ta yi karkace, ta fi faɗi a gefe ɗaya, ga kuma ƙofar ɗakin tana cijewa, tana iya nuna cewa tushe yana zama, kuma nan sai an kira injiniyan gini. Sabon fentin da dillali yake yabo ma abin tambaya ne, musamman in ƙasan bango ya kumbura ko yana fitar da farin gari kamar gishiri, alamar danshi ke nan. In an duba gidan lokacin da ba ruwan sama, yoyo ba zai nuna kansa ba, sai dai tabonsa a silin.

Kai za ka zaɓi mai dubawa, kai za ka biya shi, kada ka karɓi wanda mai gida ko dillali ya kawo. Ka karanta takardar aikinsa, domin da yawansu suna rubuta cewa in sun yi kuskure, iyakar abin da za su biya shi ne ladan da suka karɓa. Rahoton ya zo a rubuce, da hotuna da kwanan wata.

In rahoto ya fito da aibi, kana iya fasawa, ko ka nemi ragi, ko ka ce mai gida ya gyara. Ni na fi son ragi, don mai barin gida gyaran ganin ido yake yi. In dole shi zai gyara, a riƙe wani kaso na kuɗin a hannun lauya har mai dubawa ya dawo ya tabbatar. Kuma ka sanar da mai gida matsayarka a rubuce kafin wa'adin ya cika, domin a yarjejeniyoyi da dama shirunka yana nufin ka yarda.

Mai duba gini ba ya tantance takardun mallaka. Ko mai sayarwa ne ainihin mai gidan, ko an jinginar da shi a banki, ko akwai magada da ba su sa hannu ba, wannan bincike ne dabam da lauyanka zai yi a ofishin rajistar filaye, kuma shi ma a sa shi cikin sharaɗin.