Kama-karya, Tazarce da Bin Na Gaba: Amsar Tambayoyinku

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Malam, wasu suna rubuta "mulkin kama-ƙarya", wasu "kama-karya". Wanne ne daidai? Kuma da shi da mulkin soja abu ɗaya ne?

Ɗan'uwa, kama-karya ne daidai, da k marar lanƙwasa. Aikatau biyu aka haɗa, kamar yadda aka yi a faɗi-tashi da kai-kawo: kama, sai karya irin ta karya itace ko ƙashi. Ba ruwan kalmar da ƙarya kishiyar gaskiya, ko da yake irin wannan mulki ba ya rabuwa da ita. Ma'anar ita ce mai iko ya kama wanda ya ga dama, ya karya shi, babu alƙali ko majalisa ko jarida da za ta ce masa don me.

Amma ba ɗaya suke da mulkin soja ba, kuma ina so masu rubutu su kiyaye wannan sosai. "Mulkin soja" yana faɗa maka wanda ke riƙe da ƙasa. "Kama-karya" kuwa yana faɗa maka yadda yake riƙe da ita. Sau da yawa sukan haɗu, kamar zamanin Janar Sani Abacha daga 1993 zuwa 1998, lokacin da aka rataye Ken Saro-Wiwa, marubuci ɗan gwagwarmayar ƙabilar Ogoni, da mutum takwas a watan Nuwamba 1995 bayan shari'ar wata kotu ta musamman. Sai dai farar hula ma suna yi. A Nijar, Shugaba Diori Hamani ba soja ba ne, amma tun 1959 aka haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, aka bar jam'iyyar Diori, PPN-RDA, ita kaɗai a fage har ranar da Seyni Kountché ya yi juyin mulki a Afrilun 1974. Kwame Nkrumah ma ya mai da Ghana ƙasa mai jam'iyya ɗaya a 1964. Wannan shi ake kira mulkin jam'iyya ɗaya: ana zaɓe, ana kaɗa ƙuri'a, amma zaɓen jeka-na-yi-ka ne, don an san wanda zai ci tun ba a buɗe akwati ba.

Daga nan ne Hausa ta samu wata kalma da ba ta da ita a da a fagen siyasa, wato tazarce, daga "ta zarce". Ta yi tashe ne lokacin da ake kiran Abacha ya tuɓe kaki ya ci gaba da mulki, har jam'iyyu biyar na lokacin duk suka tsayar da shi ɗan takara a 1998. Har wani ɗinkin riga aka sa wa wannan suna. Kalmar ta ƙetara iyaka a 2009, da shugaban Nijar Mamadou Tandja ya rusa majalisa, ya shirya ƙuri'ar raba-gardama don ƙara wa kansa shekara uku, sojoji suka kifar da shi a Fabrairun 2010. Yanzu an sassauta ta, har mai neman wa'adi na biyu bisa doka ana ce masa yana neman tazarce. A ganina gara a riƙa bambancewa, domin wanda tsarin mulki ya ba shi dama daban, wanda ya taka tsarin mulkin daban.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Maraɗi: Ya halatta a ce shugaba ɗan ƙasa yana "mulkin mallaka"?

Malama, a asali mun keɓe wannan suna ga mulkin baƙi, irin wanda Turawan Ingila suka kafa bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, da na Faransa a Nijar, har zuwa 1960. Idan an faɗa wa ɗan ƙasa, zambo ne: ana nufin ya ɗauki mutane kamar dukiyarsa. A rubutun ilimi, "mulkin danniya" ya fi dacewa, daga danne. Ya dace da mulkin tsirarun fararen fata na Afirka ta Kudu daga 1948 zuwa 1994.

Tambaya daga wani dattijo a Kumasi: Karin maganar nan "bin na gaba bin Allah", ba ita ce ke koya mana miƙa wuya ga azzalumi ba?

Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan tambaya ta taɓa ni, don na sha jin ana kafa hujja da karin maganar nan a inda ba muhallinta ba. An yi ta ne a kan ladabi: ɗa da uba, almajiri da malami, talaka da sarkin da ke riƙe da amana. "Na gaba" shi ne jagora, wanda ya san hanya yake kai mutane. Wanda ya juyo ya fuskanci mabiyansa da bulala ya tashi daga wannan matsayi. Al'ummar da ta yi wannan karin magana ita ce kuma take yawan ambaton maganar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, cewa mulki yana ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci. Ba a ɗaukar ɗaya a jefar da ɗaya.

Haka ma "faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa". Ba yarda da zalunci take koyarwa ba, dabarar tsira ce ta wanda ba shi da ƙarfi. Mutanen Chadi da suka rayu ƙarƙashin Hissène Habré daga 1982 zuwa 1990 sun san haka, lokacin da 'yan sandan sirrinsa na DDS ke ɗauke mutum a kan kalma ɗaya. Sun yi shiru don su kai gobe. Da suka samu sarari, waɗanda suka fito daga kurkukunsa da rai su ne suka yi shekara da shekaru suna tara shaida, har wata kotu ta musamman a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai a 2016.