Malami ya dawo min da rahotona ya ce kwafe ne, yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare. An ba mu aikin rubuta rahoto mai shafi biyar a kan zazzaɓin cizon sauro. Na shiga intanet na tattaro bayanai masu yawa na harhaɗa, amma malaminmu ya dawo min da shi, ya ce kwafe ne ba bincike ba, ya ƙara min mako guda in sake. Na sha wahala a kan aikin nan. Don Allah yaya ake binciken da za a karɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Wahalar da kika sha ba ta tafi a banza ba, kuma malaminki ya yi miki gata da ya dawo da aikin maimakon ya ba ki maki kaɗan ya yi shiru. Abin da ya faru shi ne kin fara tara bayani tun ba ki san me kike nema ba. Zazzaɓin cizon sauro fage ne mai faɗi, likitoci sun cika littattafai a kansa, shafi biyar ba zai ɗauke shi ba. Duk wanda ya tunkari fage irin wannan ba tare da tambaya a hannu ba, dole ya ƙare da kwaso maganar wasu, domin ba shi da ma'aunin da zai ce wannan ya shafe ni, wancan bai shafe ni ba.

Don haka ki ɗauki takarda ki rubuta tambaya guda ɗaya. Misali: yaya aka gano cewa sauro ne ke yaɗa cutar? Da zarar kin tsaya a nan, hanya ta buɗe. Za ki haɗu da Alphonse Laveran, likitan sojan Faransa da ya ga ƙwayar cutar a jinin majiyyaci a Aljeriya a 1880. Za ki haɗu da Ronald Ross wanda ya gano ƙwayar a cikin sauro a Indiya a 1897, har aka ba shi kyautar Nobel a 1902. Kin ga rahoto ya fara tsayuwa da ƙafarsa: me mutane suka ɗauka a da, wa ya ga me, kuma me ganin ya canja. Sauran bayanan da kika tara, komai kyansu, in ba su taimaka wajen amsa tambayar ba, ki ajiye su. Wannan ajiyewar ita ce ta fi yi wa ɗalibai wuya, ita ce kuma alamar mai bincike.

Wajen neman bayani, ki fara da littafin darasinku, sannan ɗakin karatu. Yawancin ɗakunan karatu na makarantu suna jera littattafai da tsarin Dewey, inda littattafan likitanci ke lamba 610 zuwa 619. Ba sai kin karanta littafi daga bango zuwa bango ba. Ki duba jerin abubuwan da ke ciki a gaba da fihirisar da ke baya, ki je kai tsaye shafin da kike buƙata.

A intanet kuwa, kafin ki yarda da shafi ki tambayi kanki: wa ya rubuta, yaushe, kuma daga ina ya samo? Batun lokaci ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da rigakafin farko na wannan cuta a 2021, ta ƙara da na biyu a 2023, saboda haka rubutun da ya girmi waɗannan shekaru zai iya ce miki babu rigakafin da aka amince da shi, kuma a zamaninsa gaskiya ya faɗa. Hukumar tana fitar da rahoto a kan cutar duk shekara, can ya kamata ki ɗauko alƙaluma, ki kuma faɗi shekararsu. Wikipedia tana da amfani wajen fahimtar batu a dunƙule, amma kowa na iya gyara ta. Ki gangara ƙasan shafin ki bi madogarar da aka jera. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuma sukan ƙago sunan littafi ko marubucin da babu shi, don haka kada ki sa sunan wata madogara a rahotonki sai kin gan ta da idonki. Duk maganar da ta ba ki mamaki, ki neme ta a wuri na biyu da bai kwafo daga na farko ba.

Yanzu ga maganin kwafe, kuma ina roƙonki ki riƙe shi da kyau. Ki karanta sakin layi, ki rufe littafin ko ki kife wayar, sannan ki rubuta abin da kika fahimta kamar kina yi wa ƙanwarki bayani. In kin kasa, ba ki gane ba tukuna, ki sake karantawa. A gefen kowane bayani ki rubuta sunan marubuci, sunan littafi, shekara da lambar shafi nan take, domin neman su daga baya ɓata lokaci ne. Idan kalmomin marubucin kike so daidai yadda suke, ki sa su cikin alamar zance ki ambaci mai su. Canja kalma biyu ko uku a jimlar wani ba ya mayar da ita taki, kuma malamin da ya saba da rubutunki zai gane inda muryarki ta ɓace.

Tsarin rahoton ba shi da wuya. Gabatarwa ta faɗi tambayar, gundarin ya kawo amsar hujja bayan hujja, kammalawa ta faɗi abin da kika gano, sai jerin madogara a ƙarshe bisa salon da makarantarku ke bi. Ni na fi son ɗalibi ya rubuta gabatarwa bayan ya gama gundarin, lokacin ya san abin da yake gabatarwa.

Ki kasa makon nan haka: kwana biyu karatu, biyu rubutu, ki bar aikin ya kwana, sannan ki karanta shi da ƙarfi ki gyara duk inda harshenki ya sarƙe. Amma tun gobe ki kai wa malaminki tambayar da kika zaɓa, ya duba ko ta dace da abin da yake so kafin ki zuba ƙarfinki a kai. Allah Ya ba da sa'a.