Kazar da bakinta ke warin tsami: amsoshin likitan dabbobi

Tambaya: Likita, ina da wata uwar kaza da jakar abincin ƙasan wuyanta ke kumbura, bakinta na warin tsami, wani lokaci har ruwa ke zubowa. Ina ba ta kafso ja-da-rawaya a ruwa, ta ɗan warware, sai abin ya dawo. Daga wata Hajiya a Funtuwa.

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari, amma don Allah ki ajiye kafson nan. Abin da ke damun kazarki yawanci wata ƙwayar cuta ce dangin yis, ana kiranta Candida, irin wadda ke sa farin baki ga jarirai. Kafson nan maganin bakteriya ne, ba ya kashe ta. Ƙwayoyi masu amfani da ke danne ta a cikin kaza su yake kashewa, sai ta sami fili ta yaɗu.

Ki gwada ta da asuba kafin ta ci komai. Lafiyayyar kaza tana wayar gari jakarta ta saki, babu komai ciki. Idan kin taɓa kin ji ta cike lumtsum kamar ledar ruwan sha, to abincin jiya bai wuce ba, ya kwana ya yi tsami. Ki ware ta, ki hana ta abinci na awa 12, kada ya wuce 24, ruwa mai tsabta kawai. Ki riƙa murza jakar a hankali zuwa ƙasa. Bayan haka ki fara ba ta dafaffen ƙwai kaɗan-kaɗan. Maganinta shi ne Nystatin, likitan dabbobi zai auna miki daidai nauyinta, kuma ki cika kwanakin ko da ta ga sauƙi.

Dawowar ce ta fi damuna, domin tana nuna akwai abin da ke hana jakar saukewa. Ki sa hannu cikin buhun dusarki ki shinshina. Da damina dusa kan yi ɗanshi ta yi fumfuna. Ki duba tsakar gida ko suna tsintar leda, zare ko doguwar ciyawa. Kajin da aka kulle a kan siminti kuma ki zuba musu ƙananan tsakuwa, da su ƙundu ke niƙa hatsi. Mazubin ruwa a wanke shi kullum, har santsin gindinsa ya fita.

Tambaya: Na ba kajina maganin tsutsa na Piperazine, amma guda biyu sai ramewa suke, jakar ba ta sauka. Daga wani Malam a Maraɗi.

Amsa: Malam, Piperazine manyan tsutsotsin hanji yake kashewa. Akwai wata siririya kamar gashi da ke shiga bangon jakar, ita sai Fenbendazole ko Levamisole. Ka tambayi likita kwana nawa za a ƙaurace wa ƙwai da naman bayan magani. Idan an yi wannan duka jakar tana nan reto, mai yiwuwa naman jakar ne ya rasa ƙarfinsa gaba ɗaya ko wani abu ya toshe ta, sai an kai kazar an duba.

Tambaya: An ce in kifa kan kazata ƙasa in matse jakar ruwan ya fito. In yi? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Kada ki yi, 'yar'uwa. Ƙofar numfashin kaza tana nan bayan harshenta, ruwan na iya faɗawa ciki ya shaƙe ta a hannunki, ko ya jawo mata ciwon huhu. Amma idan kaji da yawa ne suka kwanta lokaci guda da koren zawo da murɗewar wuya, musamman da hunturu, wannan ba tsamin jaka ba ne, ana zargin cutar Newcastle. Ki ware marasa lafiyar yau ɗin nan, ki nemi ma'aikacin lafiyar dabbobi ya duba sauran, ya faɗa miki lokacin da ya dace a yi musu rigakafi. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, a jihar Filato, tana haɗa maganin rigakafin.