Malamaina sun daina yi mini musu, amma hankalina bai kwanta ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bara aka ba ni shugabancin wata sakandare mai zaman kanta. Wani dattijo ya ce in ɗaure fuska, in ba haka ba malamai za su raina ni. Na bi shawararsa, har na sallami biyu da suka cika gardama a taro. Yanzu duk abin da na faɗa sai a ce "an gama, yallabai". Amma daga bakin iyaye na ji cewa 'yan ajin ƙarshe ba su kai rabin manhajar lissafi ba, ga jarrabawar WAEC ta ƙarato. A ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam. Gara da hankalin naka ya tashi, Malam. Sauran kurakuran shugabanni, irin su riƙe komai a hannu, fifita dangi, da haɗa kuɗin ma'aikata da aljihu, ka san su, ba sai na tsaya a kansu ba. Naka daban ne, kuma shi na fi cin karo da shi: ɗaukar tsoro a matsayin girmamawa, da ɗaukar shiru a matsayin yarda.

Ran da ka sallami mutanen nan biyu, sauran sun karanta darasin sarai: mai kawo labari mara daɗi shi ke rasa abincinsa. Malamin lissafin ya san an makara, mataimakinka ma ya sani. Me zai kai su faɗa maka? Kowa na da iyali.

Wannan ciwo ya kashe mutane, ba wasa ba. A 1959, a taron Lushan na ƙasar Sin, ministan tsaro Peng Dehuai ya rubuta wa Mao, jagoran ƙasar, wasiƙa yana nuna ɓarnar da tsarinsa na noma da masana'antu ke yi. Aka tuɓe shi. Daga nan jami'ai suka ci gaba da aika alƙaluman girbi na ƙarya, gwamnati na karɓar hatsi bisa lissafin da babu shi a rumbu, miliyoyin mutane suka mutu da yunwa. A 1977 kuma, a tsibirin Tenerife, injiniyan jirgin saman kamfanin KLM da ke neman tashi ya tambaya ko jirgin kamfanin Pan Am ya sauka daga titin tashi. Kyaftin, wanda babba ne mai horar da matuƙa a kamfanin, ya amsa da ƙarfi cewa ya sauka. Ba wanda ya sake magana. Jiragen biyu suka yi karo, mutum 583 suka rasu. Bayan irin waɗannan haɗurra ne aka soma koya wa ƙananan matuƙa yadda za su ja da babba a cikin jirgi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu yawo otal-otal suna karɓar kuɗi da sunan horar da shugabanni, suna koya wa mutane yadda za su tsaya, da yadda za su murtuke, wai kwarjini. Ga fadawan ofis, masu raɗa maka cewa wane yana neman kujerarka. Wallahi wanda ya gaya maka gaskiya a gaban jama'a ba shi ne abin tsoro ba. Manzon Allah (SAW), da wahayi ke sauka gare shi, ya karɓi shawarar Hubab ɗan Munzir kan wurin sauka a Badar, ya karɓi ta Salmanu Bafarishe aka haƙa rami a Madina. Kai da ni su wa?

Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Ka kira malamin lissafin shi kaɗai, ba tare da takardar tuhuma ba, ka tambaye shi me ya tsayar da shi, ka yi shiru har ya gama. A taro, ka riƙa farawa da ƙaramin malami, kai ka yi magana a ƙarshe, don da zarar ka faɗi ra'ayinka kowa binsa zai yi. Wanda ya fara kawo maka matsala, gode masa a bainar jama'a. Kada ka zaci za su saki jiki a mako guda, sai sun ga an faɗa maka mai ɗaci ba a kori kowa ba. Littattafan ɗalibai kuwa, ka shiga aji da kanka gobe ka buɗe su, sannan ku tsara darasin Asabar kafin jarrabawa.