Baitalami: Gidan Gurasa ne ko Gidan Nama?

Tambaya: A coci an ce mana ma'anar Baitalami "gidan gurasa", amma wani da ya san Larabci ya ce "gidan nama" ne. Wane ne ya yi daidai, kuma tun yaushe garin yake?

Amsa: Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Sunan kalmomi biyu ne. Ta farko ita ce "bait", wato gida, wadda muka saba ji a Baitulmali da Baitul Mukaddas. Ta biyun ce ta kawo saɓanin: "lehem" da Ibrananci gurasa ce, "lahm" da Larabci kuwa nama ne. Tushensu ɗaya, abincin da mutane suka dogara da shi. Manomin alkama da sha'ir ya ba gurasa sunan, makiyayi ya ba nama. Kamar yadda Bahaushe kan ce "zo mu ci tuwo" ko da shinkafa ce a kwanon. Wasu masana na danganta sunan da wani gunkin dā mai suna Lahmu, amma wannan hasashe ne.

Garin yana kan tudu, kimanin kilomita 10 kudu da Urushalima. Farawa 35:19 ta kira shi Efrata, a kan hanyarsa aka binne Rahila, matar Yakubu. Wanda ya san ma'anar sunan zai fi jin nauyin farkon Littafin Rut: yunwa ta faɗa wa gidan gurasa, har Na'omi da mijinta suka yi ƙaura zuwa Mowab, ba ta komo ba sai da kakar sha'ir. A Baitalami ne annabi Sama'ila ya shafa wa Dawuda man naɗin sarauta, a nan kuma Mika 5:2 ya ce mai mulki zai fito.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne Baitalami biyu ce. Akwai ta yankin Zabaluna kusa da Nazarat, wadda Joshuwa 19:15 ta ambata. Mai yiwuwa shi ya sa Matiyu ya ce "Baitalami ta Yahudiya" da ya zo ba da labarin haihuwar Yesu.

Cocin da ke kan kogon da ake cewa a ciki aka haifi Yesu an keɓe shi a shekara ta 339, Sarki Jastiniyan na Rumawa ya sake gina shi a ƙarni na 6, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2012. Ƙofarsa gajeriya ce ƙwarai, sai mutum ya sunkuya zai shiga. Garin yana Yammacin Kogin Jodan, ƙarƙashin Hukumar Falasɗinawa tun 1995.