Fasinjoji Za Su Yarda a Ƙara Kuɗin Mota Idan An Inganta Sufuri?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan jin masana tsara birane suna cewa mazauna manyan biranen ƙasashe masu tasowa a shirye suke su biya fiye da abin da suke biya yanzu, muddin za a gyara harkar sufuri. Anya kuwa haka ne, alhali yawancin fasinjoji masu ƙaramin ƙarfi ne? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ya kamata a san abin da mutane suke saye da ƙarin kuɗin. Masu bincike sukan ba fasinja zaɓi tsakanin mota mai arha da ba a san lokacin zuwanta ba da wata mai ɗan tsada da ke zuwa kan kari, kuma abin da ya fi fitowa fili shi ne lokaci ya fi kujera mai laushi daraja a wurinsa. Minti goma na tsayuwa a tasha ya fi masa ciwo a kan minti goma a cikin motar da ke tafiya, musamman ma'aikacin da za a zaftare wa albashi idan ya makara, ko ɗan kasuwar da cinikin safe zai wuce shi.

Wannan ne ya sa tsarin bas-bas masu keɓaɓɓiyar hanya ya samu karɓuwa. Birnin Kuritiba na Brazil ya fara shi a 1974, Bogota ta Kolombiya ta buɗe nata mai suna TransMilenio a 2000, Legas ta bi sahu a 2008, sai Darussalam ta Tanzaniya a 2016. Motar da ba ta shiga cunkoso tana iya cika alkawarin lokaci.

Amma abin da mutum ya faɗa wa mai bincike daban, abin da aljihunsa zai ɗauka daban. Talakawa galibi a gefen gari suke zaune, inda haya ta fi sauƙi, don haka sukan canja mota sau biyu ko uku kafin su isa wurin aiki, kuma kowane hawa da kuɗinsa. A watan Oktoba na 2019, ƙarin peso (kuɗin ƙasar Chile) 30 kacal a kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Santiyago ya tayar da zanga-zangar da ta mamaye ƙasar Chile, domin ƙarin ya faɗa kan mutanen da tsadar rayuwa ta riga ta kai su bango.

A ganina, kuskure ne babba gwamnati ta ɗora wa fasinja dukkan nauyin gyaran, tunda ko a ƙasashe masu arziki kuɗin tikiti ba kasafai yake biyan kuɗin gudanarwa ba, sai an haɗa da tallafi. Abin da ya dace shi ne a fara gyarawa har jama'a su gani a ƙasa kafin a yi maganar ƙari, sannan a samar da tikiti guda da zai kai mutum har inda za shi ko da zai canja mota, tare da rangwame ga ɗalibai da masu ƙaramin albashi.